Tsohon Masallacin Ƙasa: Nazari a kan Aikin Dandaji

A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, da zarar jama'a ta sami hali, abin da take fara yi shi ne ta rushe masallacin ƙasa ta gina na siminti da kwano. Niyyar ta alheri ce, amma abin da ake zubarwa ya wuce tubali. Kaurin bango, da jeren azara, da ɗaurin bakan gizo, da yaɓe bisa yaɓe na shekaru, duka shaidu ne na zamanin da aka yi ginin da ilimin waɗanda suka yi shi.

Garin Dandaji na jahar Tawa ya bi wata hanya dabam. Tsohon masallacinsa na Juma'a ya fito ne daga fasahar Alhaji Falke Barmu, maginin da ya fara masallacin Yama a 1962, aikin da ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Da masallacin ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, sai masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa matsattse, suka mayar da tsohon ɗakin karatu. An kammala aikin a 2018, aka raɗa masa suna Hikma.

Abin yabo a nan shi ne kamun kai. An bar ginshiƙai da tulluwar rufi suna bayyane, aka shigar da kantocin littattafai da bene na katako da ƙarfe, yadda mai kallo zai bambanta tsohon aiki da sabo. Ɗalibin da ya ɗaga kai daga littafinsa zai ga wani darasin a rufi.

Sai dai aikin yana da iyaka. Ya dogara ga ƙwararru da kuɗin da ba kowane ƙauye zai samu ba, kuma ginin ya tsira ne bayan ya bar aikinsa na asali. Tambayar yadda za a kiyaye masallacin da har yanzu ake salla a cikinsa tana nan. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, an kewaye shi da ginin zamani a shekarun 1970, amma a watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Ginin ƙasa yana buƙatar mai duba indararo da tsagar bango kowace shekara kafin damina.

Wannan darasi ya shafi Gure, tsohuwar fadar Muniyoma, inda Heinrich Barth ya yada zango a 1852. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da aikin da bai buƙatar kuɗi mai yawa: su auna tsofaffin masallatan unguwanni da ƙauyukan Muniyo, su ɗauki hotunansu, su rubuta sunayen maginansu daga bakin dattawa, su kuma farfaɗo da gayyar yaɓe. Idan rushewa ta zama dole, a tabbata an kammala wannan rubutu kafin a ɗaga diga.