Rumbun Bayanan Tarihin Koyarwa: Gyara Kafin Mu Dogara da Shi

Wasu ɗalibanmu na ajin ƙarshe sun shirya rumbun bayanai a kwamfuta kan tarihin koyarwar Ikilisiya, har ya fara yawo a wayoyin fastoci. Kowace koyarwa tana da layinta: suna, shekara, majalisar da ta zartar, sai gurbin ƙarshe, "sahihiya" ko "karkatacciya". Na yaba da ƙoƙarin. Wanda ke rikita Nikiya ta 325 da Kalsidon ta 451 zai amfana. Amma ba zan ba masu hidima shawara su koyar daga cikinsa yadda yake ba.

Dubi layin Triniti. An rubuta 325, shi ke nan. Mai karatu zai ɗauka a shekarar aka ƙirƙiro koyarwar, kuma wannan ce ainihin tuhumar da membobinmu ke ji daga maƙwabta. Alhali Ikilisiya tana yin baftisma bisa Matiyu 28:19 tun da daɗewa, Tertuliyan ya yi amfani da kalmar Triniti a Latin fiye da shekara ɗari kafin Nikiya, kuma cikakken bayani kan Ruhu Mai Tsarki sai a majalisar 381 ya shiga aƙidar. Gurbi ɗaya ba zai ɗauki wannan ba.

Kalmomi ma suna sauya ma'ana. A Nikiya an ɗauki kalmomin Helenanci hupostasis da usiya kamar abu ɗaya ne. A taron Iskandariya na 362, ƙarƙashin Atanasiyus, aka yarda cewa mai faɗin hupostasis uku ba lallai ya kauce ba. Jadawalin ya ba kalmar ma'ana ɗaya tak, don haka bishof ɗaya zai iya fitowa mai gaskiya ko ɗan bidi'a, gwargwadon shekarar da aka duba.

Gurbin ƙarshe ya fi damuna. Sahihiya a wurin wa? An sa wa Kalsidon "sahihiya" ba ƙarin bayani, ga shi Ikilisiyoyin Kibɗawan Masar, Habasha da Armeniya ba su karɓe ta ba har yau. Ni na karɓe ta, amma ɗalibi ya kamata ya san hukunci ne na wani ɓangare.

Shawarata a sake ginin daga tushe. Kada layi ya zama "koyarwa", ya zama furuci: wa ya faɗa, yaushe, da wane harshe, yana amsa wa, su wa suka karɓa, su wa suka ƙi. Layukan za su yi yawa, aikin zai ɗauki wani zangon karatu, kuma na yi alkawarin duba na ƙarni na huɗu da kaina.