Sarauniyar Lugu Tsakanin Littafin Mamani da Tunanin Azna

A Biyetnam, manazarta adabi sun daɗe suna karanta littattafan marubutansu da ma'aunin addinin Budda. Bảo Ninh tsohon sojan Biyetnam ta Arewa ne, na gwamnatin 'yan gurguzu, amma labarinsa na yaƙi da ya fito a farkon shekarun 1990 cike yake da rayukan matattun da ba a binne ba suna yawo a kurmi. Wanda bai san sadakar da ake yi wa irin waɗannan rayuka a wata na bakwai ba, zai ɗauka ƙawata zance ne kawai. Ƙasar Arewa ta Nijar ma tana da irin wannan littafi: Sarraounia na Abdoulaye Mamani, 1980, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Makaranta ta koya wa yaron garin Kore Mairuwa cewa Sarauniya Mangu jaruma ce da ta tare rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu cikin Afrilun 1899. Haka ne, sai dai karatun ya tsaya a rabi. A tsarin Arewa akwai 'yan ƙasa, akwai masu sarauta. Sarakunan Matankari da Dogon Dutsi suna da dawaki da mashi, Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji kuwa hulɗa da iskokin ƙasa ce aikinsu. Sarauniya a keɓe take cikin ɗakinta, shari'a kuma ana kai ta gaban dutsen Tunguma. Da wannan ma'auni, janyewar mutanen Lugu zuwa daji bayan faɗa ba ta zama gudu ba, domin wurin azna daji mazaunin iskoki ne, can ikonta ya fi kauri. Sa'annan ga abin da ya biyo baya: cikin Yuli, Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta turo a bayansu, a Dankori, bayan kwanaki kaɗan kuma sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine. Takardun Faransa tawaye suka kira shi. Littafin ya jera rugujewar rundunar bayan Lugu yadda mai karatu zai ji alhakin ƙasa ne ya bi su, kuma da wannan jerin ne labarin ya samu ƙashin bayansa.

Za a ce Mamani ba Ba'are ba ne. Haifaffen Gudumariya ne a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba, ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya sha kurkuku a zamanin Kountché, kuma mayaƙiya yake nema don gina ƙasa. Gaskiya ne, har ma shi ya ɗora mata baka da kwari waɗanda ba kayan aikin Sarauniyar Lugu ba ne. Amma ba a gane abin da ya ƙara sai an san abin da ya tarar, tunanin azna kuwa shi ke raba biyun.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi a yau, tun da Musulunci ya game Arewa: wai wannan karatu farfaɗo da tsafi ne. Adeline Masquelier ta rubuta a 2001 yadda 'yan bori na Dogon Dutsi ke ganin salla ta ture su gefe, don haka maganar tana da zafi. Sai dai malamin da ke bayanin waƙoƙin Jahiliyya a zaure bai bauta wa Lata da Uzza ba, kuma babu wanda ya taɓa zarginsa da haka.