Jirgin rimot da aka ce “a shirye yake ya tashi”

Ƙananan jiragen sama masu rimot, irin waɗanda ke alkafura a sama, yanzu a haɗe ake sayar da su. Ka buɗe kwali, ka ɗaura fukafukai da 'yan kusoshi, ka jona batir, shi ke nan. Har a jikin kwalin ake rubuta wai a shirye yake ya tashi. A nan ne muke da ja.

Ta fuskar ƙira dai, a yaba musu. Fiffiken jirgin alkafura, lanƙwasar samansa da ta ƙasansa ɗaya ce, shi ya sa ko ya juya ciki sama yake ci gaba da tafiya. Da wuya ɗan koyo ya fere wannan da hannu ya fito daidai.

Matsalar tana littafin umarni. Zai ba ka wurin da nauyin jirgin ya kamata ya daidaita, a milimita, amma ba ya tsayawa ya bayyana dalili. Wurin yakan faɗo tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in ka auna daga gaba. Batir ya ɗan zame baya, wutsiya ta yi nauyi, to jirgin ya zama doki marar linzami: ka taɓa rimot kaɗan, ya ɗaga hanci, iska ta daina riƙe fiffiken, sai ƙasa. Wanda bai san dalili ba ai rimot zai zarga.

Sannan littafin bai san Kebbi ba. Ma'aunin iskar da injiniyoyi ke lissafi da shi digiri 15 ne. A Birnin Kebbi kuwa zafin Afrilu yakan haura 40, kuma a wannan zafi kaurin iska yana raguwa da kusan kashi 8 cikin 100. Ke nan fiffike na buƙatar ƙarin gudu wajen kashi 4 cikin 100 kafin ya ɗauki nauyin da ya saba, farfela ma ba ta kama iska sosai. Batirin litiyum kuma, in aka bar shi a rana ko cikin mota, yana iya kumbura har ya kama wuta.

Babban giɓin shi ne inda za a tashe shi. Shimfiɗaɗɗun gonakin Ambursa bayan girbi za su ja hankalin duk mai irin wannan jirgi, amma fa a nan filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake, inda alhazan jihar ke tashi. Dokokin da littafin ke ambata galibi na Amurka ne ko na Turai. Namu kuwa, tun 2016 hukumar NCAA ta hana tashin jirgi marar matuƙi a sararin Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro.