Gizo da Jemis Bond

In kaka ta yi a Tofa, an yanke gero an ɗaure dammuna, samari sukan taru bayan sallar lisha a teburin mai shayi, su kewaye wanda ya ke da babbar waya, su yi ta kallon fim har dare ya raba. Da an ƙare sai gardama ta tashi. Wannan ya ce jarumin Indiya ya fi iya faɗa, wancan ya ce duk duniya babu kamar Jemis Bond, ɗan leƙen asirin Ingila, wanda harsashi ba ya samunsa. Kowa ya faɗi nasa, a yi dariya, a watse. Amma da wuya a ji wanda ya tambaya, shin wane irin mutum ne wannan da a ke yabo, mece ce kuma sana'arsa?

Da fari ya kamata mai karatu ya sani ba a taɓa haihuwar Jemis Bond ba. Wani Bature ne, Ian Fleming, wanda ya yi aikin asiri a rundunar jiragen ruwan Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙago shi a littafi cikin 1953. Aka mai da labarin sinima a 1962, da fim mai suna Dr. No, watau shekarar da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna. Tun daga nan aka yi ta jero finafinansa, 'yan wasa suna tsufa ana sake su, shi kuwa yana nan saurayi, sai a 2021 aka nuna mutuwarsa.

Ba a hana gwani yabo. Masu shirya waɗannan finafinai sun san aikinsu. Labari ba ya tsayawa, hoto tangaram, kiɗa yana tafiya daidai da bugun zuciyar mai kallo. Jarumin kuma yana da halayen da kowane uba zai so ga ɗansa: ba ya firgita, ba ya yawan magana, yana lura da abin da wasu suka yi wa kallon banza, in ya faɗa hannun abokan gaba yakan yi aiki da hankali kafin ƙarfi.

Wanda ya yi kallo da natsuwa zai ga ashe tsohon sani ne ya sake riga. Gizo ne na tatsuniya aka sa wa kwat da lakataye. Gizo yakan sake kama, ya ɓoye sunansa, ya shiga gidan zaki ya ci tuwonsa ya fito lafiya. Haka Bond ya ke shiga gidan mugu da sunan aro, ya ci ya sha, ya sace asiri, ya bar gidan yana cin wuta. Duk su biyu jarinsu wayo ne da ƙarya.

To, a nan suka rabu, a nan kuma aibin fim ɗin ya ke. Tsohuwa in ta ƙare tatsuniya takan ce ƙurunƙus, ta faɗa da bakinta cewa ƙarya ta shara, yara su kwanta sun san wasa ne. Gizo kuma sau da yawa dabararsa takan juye masa, ya sha dūka, Ƙoƙi ta yi jinya. Ba yaron da ya ke fatan ya girma ya zama Gizo. Fim kuwa ba ya cewa ƙarya ne. Yana nuna birane na gaske da motoci na gaske, har ido ya rinjayi hankali. Mutum ya kashe ashirin kafin gari ya waye, ba a nuna jana'iza ko ɗaya ba, ba a nuna marayu ba. Giya ba ta bugar da shi, caca ba ta tsiyata shi, mata kuwa yana sake su kamar riga. An ɗauke wa aiki sakamakonsa, alhali kowane manomi ya san abin da aka shuka shi ke tsira.

Leƙen asiri na gaske ba shi da wannan ado. Kim Filbi babban ma'aikaci ne a hukumar asirin Ingila, ya yi shekaru yana cin abinci da abokan aikinsa yana kai sirrinsu Rasha. Da asiri ya tonu ya gudu Masko a 1963, can ya mutu a 1988, nesa da gida. Ƙasar Kano ma ta ga irin wannan sana'a. Kafin Turawa su ci birnin a 1903, sun riga sun sami labarin ƙasa daga bakin wakilansu, irin su Adamu Jakada, waɗanda ba bindiga suka riƙe ba, kunne suka kasa. Mutumin da ke zama a majalisa yana kwashe zance yana kai wa waje, mutanen ƙauye suna da sunan da su ke kiransa, ba kuwa jarumi ba ne.

A gwada shi da Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana fitowa da shi a talabijin na Kaduna. Samanja soja ne mai tsawa da cika baki, amma yana kuskure, yana shan kunya, yana da gida da maƙwabta. Mai kallo yana iya auna shi, domin ya san irinsa a kasuwa. Bond ba shi da ma'auni, gama ba wanda ya taɓa ganin irinsa, ko a Ingila.

Ba a ce kada a yi kallo ba, gama rai yana son nishaɗi bayan wahalar gona. Abin da a ke so shi ne, wanda ya yi yaƙi da jahilci har ya iya karanta takarda, ya koyi karanta hoto kuma. In fim ya ƙare, tun da masu shi ba su ce ƙurunƙus ba, shi ya ce musu, musamman a gaban yara. Sa'an nan ya tambayi kansa, da wannan jarumi maƙwabcinsa ne, zai ba shi ajiyar hatsi, ko auren 'yarsa? Amsar da ya bayar ita ce ra'ayin da ya cancanci a kai teburin mai shayi.

Allah ya ba mu idon gane tsaba daga ƙaiƙayi, amin.