Makin kwamfuta ba magani ba ne

Idan kana leƙa mujallun kimiyya, za ka sha cin karo da maƙalar da ke shelar sabon maganin kansa, alhali ko kwalba ɗaya ba a taɓa a ɗakin gwaji ba. A kwamfuta aka yi komai. Da yawa daga cikinsu tubulin suke hari.

Harin yana da hujja. Tubulin furotin ne da ke harhaɗuwa ya zama siraran bututu, su ne ke raba kromosom gida biyu idan ƙwayar halitta za ta rabu. In ka dagula su, ƙwayar kansa ta kasa hayayyafa. Aikin vincristine ke nan, haka ma Taxol da Amurka ta amince da shi a 1992.

To ina matsalar? Manhaja irin su AutoDock Vina tana cusa sinadari cikin wani lungu na furotin, ta ba shi maki gwargwadon yadda take hasashen zai manne. Waɗanda suka ƙirƙiri Vina da kansu sun ruwaito a 2010 cewa kuskurenta ya kai kusan 2.85 kcal/mol. Tazarar 1.4 kacal tana nufin ninki goma a ƙarfin mannewa. Ka ga ke nan, wanda ya ce sinadarinsa ya doke Taxol da rabin maki bai faɗa maka komai ba. Ga shi kuma tubulin yana lanƙwashewa yana miƙewa, amma galibi a sandare manhajar ke ɗaukarsa.

Ko da makin ya yi daidai, mannewa ba ita ce ƙarshen zance ba. Combretastatin A-4, da aka samo daga wata bishiya ta Afirka ta Kudu tun shekarun 1980, yana kama tubulin gam, amma gwajinsa a jikin mutane ya yi ta karo da illa ga zuciya da hawan jini. Jijiyoyinmu ma da waɗannan bututun suke aiki, shi ya sa masu karɓar Taxol ke kukan mutuwar yatsu. Wasu ƙwayoyin kansa kuma suna da famfon da ke watso maganin waje.

Kwamfuta na da amfaninta: tana tace dubban sinadarai cikin araha, musamman inda kayan gwaji suka yi tsada. Amma rariya ce. Don haka in ka ga irin wannan maƙala, tambayi abu uku: an haɗa sinadarin? An nuna yana dagula bututun a gwaji? An gwada shi a lafiyayyun ƙwayoyi? In babu ko ɗaya, kada ka tura wa mai jinya labarin.