Gardamar da Ta Tsallake Gona

Duk wanda ya zauna a majalisun Funtuwa da Malumfashi gabanin zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, zai shaida cewa ba a yi rowar baki ba. A teburin mai shayi, a tasha, har a zaman makoki, gardama ce ke tashi. Ni ban ga laifin wannan ba, domin jama'ar da ke musu tana da sauran rai. Abin da nake tuhuma shi ne abin da aka yi musun a kansa.

Magoya bayan APC sun riƙe hujja biyu: Tinubu da Shettima duk Musulmi ne, kuma Tinubu ya taimaki Buhari a 2015, don haka lokacin ramawa ya yi. 'Yan PDP suka ce Atiku ɗan Arewa ne, naka sai naka. Masu jar hula kuwa suna lissafa makarantu da gadojin Kwankwaso, su ne ma suka fi kusa da zancen aiki, sai dai aikin na Kano ne. Inda hujja ta ƙare sai a kunna waƙa. Dauda Kahutu Rarara ɗan yankin nan ne, daga ƙasar Ɗanja, kuma ba mai musun gwanintarsa. Amma aikin mawaƙin siyasa yabo ne da zambo, wanda ya kawo waƙa a matsayin shaida shi ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

An taɓo canjin kuɗi, tunda manomi ya kai masara kasuwar Dandume ya rasa mai biyansa da tsaba. An taɓo 'yan bindigar da suka hana noma a Faskari da Sabuwa, suka kwashi ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020. Ko a nan ma, neman wanda za a jinginawa laifi aka yi, ba a tambayi ɗan takara dabararsa ba.

Babban giɓin shi ne tallafin man fetur. Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire shi. Da yake manyan 'yan takara sun yi ittifaƙi, maganar ba ta da amfani ga mai neman kayar da abokin gardama, sai aka bar ta a ƙasa. Ban ji majalisar da ta tsaya kan yaushe za a cire, ko me za a tanadar wa mai noman rani ba.

Kada a ce talaka ba zai gane ba. Masu zaɓen Katsina sun ba Atiku rinjaye da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba, a jihar Buhari, bayan mako uku kuma suka zaɓi Dikko Raɗɗa na APC gwamna. Mutanen da suka iya wannan tankaɗe za su iya auna zancen fetur da an kawo musu shi.

Ranar 29 ga Mayu, a jawabin rantsuwa, Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga kusan naira 200 zuwa sama da 500. Mai tumatir a fadamun Ɗanja da fetur injin ban-ruwansa ke aiki, da shi kuma ɗan acaɓa ke kai taki gona.