Tashin Almasihu: Ginshiƙin Bangaskiyar Kirista a Mahangar Ƙasar Gaya da Ajingi

A ƙasar Gaya da Ajingi, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne kuma Kirista tsiraru, ba a jayayya a kan ko matattu za su tashi. Malamin zaure ya yarda, fasto ma ya yarda. Kowannensu yana koyar da cewa akwai ranar da kaburbura za su buɗe, a tsaya gaban Allah don hisabi. Saboda haka wanda ya ce bambancin Kirista shi ne imani da tashin ƙiyama bai taɓo bakin zaren ba. Abin da Kirista ya riƙe shi ne cewa tashin nan ya riga ya soma a jikin mutum guda, Yesu Almasihu, wanda aka gicciye a Urushalima zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, aka binne shi, a rana ta uku kuma aka tarar da kabarin babu kowa. Duk sauran ginin bangaskiyar Kirista a kan wannan yake.

Wannan magana ba ta baya-bayan nan ba ce. Manzo Bulus ya rubuta wa ikilisiyar Koranti wasiƙa wajen shekaru ashirin da 'yan kai bayan gicciyen, tun kafin a rubuta littattafan Bishara huɗu. A babi na 15 ya jera waɗanda suka ce sun ga Yesu da rai: Bitrus, da almajirai sha biyun, da taron mutane fiye da 500, da Yakubu, sannan shi kansa. Daga nan ya kai maganar maƙura, ya nuna cewa in har tashin bai auku ba, wa'azin manzanni aikin banza ne, masu bi kuma suna nan cikin zunubansu. Da wuya a sami jagoran addini da ya jingina dukan koyarwarsa a kan aukuwa guda haka.

Dalilin yana cikin ma'anar gicciye a wancan zamani. Rumawa sun ware shi don bayi da 'yan tawaye, Yahudawa kuwa suna ganin wanda aka rataye a itace la'ananne ne. Almasihun da suke jira mai nasara ne, ba wanda abokan gaba za su kashe ba. An yi masu da'awar Almasihu da dama da tafiyarsu ta mutu tare da su, kamar Bar Kokba da Rumawa suka murƙushe a shekarar 135. Almajiran Yesu ma sun watse da tsoro a daren da aka kama shi. Abin da ya sake tara su, har wasunsu suka ba da rayukansu, shi ne tabbacin da suke da shi cewa ya tashi. A wurinsu tashin ne ya mai da gicciye daga abin kunya zuwa hadayar da Allah ya karɓa. Masana tarihi, masu bi da marasa bi, galibi sun amince cewa almajiran sun gaskata haka da zuciya ɗaya. Ko ya tashin kuwa, nan ne bincike yake tsayawa bangaskiya ta karɓa.

Tarihin ƙasar Kano ya ba da misali mai haske. Wajen shekarar 1867, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, an kashe Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda fifikon da ya bai wa Annabi Isa a koyarwarsa. Mabiyansa, Isawa, suka bazu zuwa yankin Ningi suna jiran komowar Isa. Girmama Isa da jiran dawowarsa bai mai da su Kirista ba, domin Musulunci ma yana koyar da haihuwarsa ba uba, da mu'ujizojinsa, da saukowarsa a ƙarshen zamani. Sai a 1913 ne wasu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suka zauna a Gimi, inda ciwon barci ya hallaka da yawa cikinsu, daga baya jama'ar ta koma Wusasa. Ƙofar da suka bi suka shiga Kiristanci ita ce yarda da gicciye da tashi. Suratun Nisa'i, aya ta 157 da ta 158, ta kore kashe Isa da gicciye shi, ta ce Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi. Iyakar addinan biyu ke nan, kuma gara kowa ya san ta da gaskiya da a lulluɓe ta.

Hanyar Maguzawa zuwa Kiristanci daban ce.  Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike cikin Maguzawan ƙasar Kano ya wallafa littafinsa a 1946, ya nuna addinin da ya ta'allaƙa ga iskoki da neman lafiya, haihuwa da albarkar gona. Da mishan ɗin SIM ya sami shiga karkarar Kano a shekarun 1930, aka kuma kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, saƙon da ya isa ga irin waɗannan gidaje shi ne cewa akwai wanda ya fi ƙarfin mutuwa, balle iska. Yawancin Hausawa Kiristan da ke yankunan Sumaila, Tudun Wada da Rogo daga wannan tsatso suke.

Manomin gero na Ajingi zai gane hujjar Bulus ba tare da dogon sharhi ba. Ranar da aka gasa tumun farko, rumbu bai cika ba, amma kowa a gidan ya san kaka ta tabbata, domin zangarniyar da ke hannu daga gonar nan ta fito. Haka Kirista yake kallon Yesu: nunan fari, shaidar cewa sauran girbin yana tafe.

Ibadar ikilisiya duk tana nuni ga wannan. Almajiran farko Yahudawa ne masu kiyaye Asabar, amma suka riƙa taruwa ran Lahadi domin ita ce ranar tashin. Baftisma ta nutsarwa, irin wadda ECWA ke yi, tana kwatanta binnewa da fitowa zuwa sabuwar rayuwa. Bayan taron shugabannin ikilisiya na Nikiya a shekarar 325 ne aka daidaita a kan yin Ista, bikin tunawa da tashin, ran Lahadin da ta biyo cikar wata na farko daga 21 ga Maris, shi ya sa take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, a tsakiyar bazararmu. A wurin jana'iza ma, 'yan Zumuntar Mata sukan rera waƙoƙin bege suna hawaye, don a ganinsu rabuwar ta ɗan lokaci ce. Kuma tun da jiki ne zai tashi ba kurwa kaɗai ba, jiki yana da daraja tun yanzu. Wannan na cikin tunanin da ya haifar da aikin jinyar kutare a Yadakunya da asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943.

Sai dai akwai gyara. A wurare da yawa Kirsimeti ta danne Ista wajen ɗinki, yanka da ziyara, har maƙwabci Musulmi yakan ɗauka ita ce babbar sallar Kirista, alhali a tsarin bangaskiyar Ista ce uwa. Haka nan wa'azin da ke mai da tashin Almasihu alkawarin kuɗi da ƙarin girma yana tsallake Juma'ar gicciye ya faɗa Lahadi. Irin wannan ba shi da abin faɗa wa uwar da sanƙarau ya ɗauke wa ɗa. Koyarwar asali ba ta ce mai bi ba zai sha wuya ba. Cewa ta yi wuya da mutuwa ba su ne ƙarshen magana ba.

Saboda haka nauyi yana kan ɓangarori biyu. Fastoci da masu bishara su koyar da tashin nan da zurfinsa, cikin Hausar da manomi zai gane, su kuma nuna shi a hali: gafara, haƙuri da kula da marar lafiya. Musulmi kuma, ba tare da barin aƙidarsa ba, ya fahimci cewa maƙwabcinsa ba hutu kawai yake yi ran Ista ba, tushen addininsa yake tunawa. Zaman lafiyar da aka gina a kan sanin abin da kowa ya riƙe ya fi wanda aka gina a kan zato ƙarko.